Alƙaluman da Mai-Kwaɗo Ya Canza

Akwai wani saurayi da 'yan gidansu ke kira Mai-Kwaɗo, saboda ko akwatin da babu komai a ciki sai ya kulle shi da kwaɗo. Yana da ƙoƙari a karatu, amma bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi aka yi da fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da ake nema a wurinsa.

Jami'arsu ta tura shi wata ƙasa ya yi zango ɗaya yana karatun tsaftar ruwan sha. Ranar tafiya yayarsa ta ce, "Ƙanena, ka saki jikinka da mutane. Ba kowa ne macuci ba."

Ya ce to, amma a baki kawai.

A makon farko malami ya raba ɗalibai biyu-biyu, ya haɗa shi da wani ɗan ƙasar da ake kira Dogo. Dogo ya zagaya da shi ɗakin gwaji, ya nuna masa inda ake jera kwalabe, har ya ara masa farar riga. Mai-Kwaɗo ya ce a ransa, "Wannan kirkin ya yi yawa. Akwai abin da yake hari."

Kowannensu ya auna ruwan rijiya biyar. Da suka gama, Dogo ya ce, "Abokina, ba ni sakamakonka in haɗa da nawa."

Mai-Kwaɗo bai karanta takardar ƙa'idar aikin da kyau ba, bai kuma tambayi kowa ba. Ya ɗauka wahalarsa za a kwashe. Sai ya ɓoye alƙaluman gaskiya, ya rubuta na ƙarya ya miƙa masa.

Bayan kwana uku malami ya kira su ofis. Rahoton da Dogo ya haɗa na kan tebur, da sunayensu biyu a sama, na Mai-Kwaɗo ne ma a farko.

Malami ya ce, "Babu ruwan da zai ba da wannan sakamako. Wa ya ƙirƙiro shi?"

Dogo ya ƙi nuna Mai-Kwaɗo. Da Mai-Kwaɗo ya ji za a kori su biyun, ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Aka soke masa zangon gaba ɗaya, aka aika wa jami'arsu takarda. A bakin ƙofa Dogo ya ce masa, "Da ka tambaye ni, da na gaya maka rahoto ɗaya ake bayarwa."

Darasin shi ne: taka-tsantsan a baƙuwar ƙasa abu ne mai kyau, amma zargi ba hujja yana kai mutum ga aikata cutar da yake tsoron a yi masa. Idan ba ka gane abu ba, ka tambaya kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci.