Jinin Barira da Sunan Jaririya

Ku kasa kunne, don yau ku ne alƙalai.

Akwai wani masunci, Tanimu, wanda matarsa Barira ta haihu da hantsi a ƙaramin asibitin ƙauyensu, jini ya ƙi tsayawa. Ruwa ya cinye gada, mota ba ta shiga. Jini yana can ma'ajiya a birni, kuma jirgi marar matuƙi ne ke kawo shi, amma ba ya tashi sai kwamfutar asibiti ta kira ta ma'ajiya ta ba ta bayanin majiyyaci. Nas ta aika sau uku, ana dawo mata da saƙon.

Tanimu ya ce, "Malama, mene ne kuma?"

Ta ce, "Manhajarmu da harshen kwamfuta na Python aka rubuta ta, tasu da na Java. Yadda muke jera bayani ba haka suke karanta shi ba."

Bai fahimta ba. Abin da ya gani shi ne leɓɓan Barira sun yi fari. Nas ta buga wa wasu ƙawaye uku masu rubuta manhaja, waɗanda ke kula da na'urorin.

Ta farko, Lantana, ta zauna ta tsara fom ɗaya da harsunan biyu za su yarda da shi: suna a nan, rukunin jini a nan, yawan ledar jini a nan. Ba don ita ba, da kwamfutocin ba su ji juna ba.

Ta biyu, Dije, ta ɗaure bayanin cikin wannan tsari ta aika, sai sabis ɗin ƙauyen ya gaza ɗauka. Ta yi ta matse saƙon tana rage masa nauyi, har ya wuce a karo na biyar.

Kulu ce ta uku, tana can ma'ajiya. Saƙo ya iso lafiya, har an ɗora leda a jirgi, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta buɗe jerin rukunan jini na ɓangarorin biyu ta gwada. Ashe lamba ɗaya a wurin asibiti O take nufi, a wurinsu kuwa A. Ta fita a guje ba takalmi tana cewa, "Ku tsaya! Wannan jinin kashe ta zai yi!" Aka sauya leda.

Kafin la'asar Barira ta buɗe ido ta nemi 'yarta. Tanimu ya fita bayan ɗaki ya yi kuka, ya ɗauki alkawarin sa wa jaririyar sunan wadda ta ceci uwarta. Da nas ta zayyana masa yadda aka yi, sai ya ga ashe su uku ne. Ga ranar suna ta matso, 'ya kuma ɗaya ce.

To, Lantana, Dije ko Kulu: sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?