Motar da Ba Ta da Wuta a Baya

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnenku, ku samarin tasha. Yau ba hira na zo yi ba, nauyi aka ɗora mini, kuma na ga gara in raba shi da ku. Shekara talatin da huɗu na yi ina jan mota kafin idanu su ce sun gaji, amma ban taɓa cin karo da shari'a irin wannan ba.

Kun san Hansatu, 'yar ƙanwata. Shekararta goma sha ɗaya a gidan Malam Ɗayyabu, malamin makarantar nan na Jos, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai bana Allah ya duba su. Da cikin ya shiga wata na tara, Ɗayyabu ya ce shi da kansa zai kai ta garin Lafiya goyon ciki gidan iyayenta, a sabuwar motarsa 'yar Kwatano mai ruwan toka.

To, motar nan tana da wasu siraran fitilu biyu a gaba, da an tada ta sai su kama da kansu, ko da rana tsaka ne. Kun san halin mutanenmu. Tun daga ƙofar gida duk wanda ya gan shi sai ya riƙa buɗe yatsu yana rufewa, wai, "Malam, fitilarka a kunne!" Bawan Allah ya murɗa makunni har ƙarshe, fitilu suka ƙi mutuwa. Sai ya yi dariya ya ce wa matarsa, "Rabu da su, motar zamani ce, ita ke kunna wa kanta wuta." Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa, shi ne fitilun ranar nan na gaba ne kawai. Bayan motar duhu ne ƙirin, in ba ka kunna babbar wuta da hannunka ba.

Sun iso Hawan Kibo bayan azahar, ruwan Agusta ya ɓarke, gajimare ya sauko ya kwanta a kan kwalta. Ku da kuka bi hanyar kun san gangaren nan, ba sai na yi muku bayani ba. Ɗayyabu ya duba mita ya ga tana haske, ya hango hasken fitilunsa a gaba, hankalinsa ya kwanta. Ya rage gudu yana rarrafawa, shi a ganinsa ya gama kiyayewa.

Mutum uku Allah ya turo musu a ranar. Na farko shi ne Haladu mai faci, wanda rumfarsa ke bakin gangaren. Mutum kusan goma ne suka fake a gefensa wajen mai shayi, duk suka ga motar ta wuce, har wani na yaba kyan fitilunta. Haladu kaɗai ya bi bayanta da kallo, ya ga taku goma kacal ta yi ta ɓace, ko ɗigon ja babu. Kafin ya gama salati sai ga tirela ta ɗauko rodi ta biyo sahu. Ya fito da jan tsumma yana kaɗawa, direban bai gan shi ba. Sai ya ruga cikin ruwa ba ko takalmi, ya finciko wani ɗan acaɓa daga kan benci, ya ce, "Tukur, tashi! Akwai ƙaramar mota a gaban tirelar can ba danja, da mace a ciki!" Da Haladu bai gani ba, wallahi ba wanda zai san akwai abin da ake gudu.

Na biyu shi ne Tukur ɗin, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda bai taɓa ganin Ɗayyabu ba. Ya hau babur ya faɗa cikin farin duhun nan, ya raɓa gefen tirela a kan santsi ya wuce ta. Motar kuwa sai da ya kusa dukanta sannan ya gan ta, don Ɗayyabu ya kai wata kwana ya daina ganin komai, ya taka birki, ya ja birkin hannu, ya ɗage ƙafa ya zauna jiran ruwa ya tsagaita, rabin motar a kan titi. Tukur ya yi ihu, gilashi a rufe, ruwa na dukan rufi, ba wanda ya ji. In ya zagaya ya buga musu gilashi, bayan motar ya koma duhu. Sai ya ja da baya kaɗan ya tsaya a tsakiyar hanya, ya juya wa tirela baya, yana matsa birki yana saki don 'yar jar fitilarsa ta riƙa ƙiftawa. Ya ce mini yana jin rugugin tirelar a cikin haƙarƙarinsa, kuma bai waiwaya ba don ya san in ya waiwaya zai gudu. Da Tukur bai tsaya ba, babu abin da direban zai gani.

Na uku shi ne direban tirelar, Sama'ila, dattijo mai furfura a gemu. Ya hango 'yar jar wuta tana ƙiftawa can ƙasa. Ku faɗi gaskiya, direba nawa ne a cikinku zai yi wani abu ban da danna hon, yana cewa ai mai babur ne, zai kauce? Sama'ila ya ce a ransa babu mai hankalin da zai tsaya nan sai da dalili. Kuma bai dirka wa birki ƙafa ba, don da rodi a baya, ga santsi, ga gangare, tirelar za ta naɗe ta share kowa. Ya riƙa sauke giya ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa birki yana saki, har ta tsaya. Tsakanin hancinta da bayan Tukur bai kai tsawon bencin nan da kuke zaune ba. Ya kunna duk wutar da ke jikin tirelar don na bayansa, ya sauko ya buɗe ƙofar Ɗayyabu, ya miƙa hannu ya murɗa makunni sau biyu. Bayan motar ya kama ja. Ya ce, "Malam, fito ka gani. Tun daga Jos haka kake tafe a makance." Da Sama'ila bai iya hannunsa ba, gani da tsayuwar duk sun tashi a banza.

Ɗayyabu ya fito ya ga abin da ya kusa faruwa, ya zauna a cikin taɓo yana kuka kamar yaro. Nan take ya ɗaga hannu ya yi alkawari, in Allah ya sauki Hansatu lafiya kuma namiji ne, sunan wanda ya cece su zai ci.

Alhamdu lillahi, jama'a, alhamdu lillahi. Ranar Asabar da ta wuce ta sauka lafiya, yaro ƙato, na ɗauke shi da hannuna har na yi ƙwalla, ban ji kunyar kowa ba. Kiran salla kawai aka yi masa a kunne, sunan kuwa aka dakatar da shi. Hansatu ta ce Tukur, don shi ya ba da bayansa. Ɗayyabu ya ce Sama'ila, don tan talatin na rodi ne a ƙarƙashin ƙafarsa. Kakan yaron ya buga sanda ya ce Haladu, don mutum goma suka kalla, ɗaya ya gani. Su ukun kuma da aka kira su, kowa cewa ya yi a ba ɗan'uwansa. Na ce a haɗa sunayen mana, Ɗayyabu ya ce shi mutum ɗaya ya faɗa a alkawarinsa, suna ɗaya kuma liman zai raɗa.

Rago na ɗaure, an raba goro, gobe da hantsi liman zai juyo ya dube ni, don ni suka bar wa magana. To, ku da kuka san hanya, ku fitar da ni: Haladu, Tukur ko Sama'ila, sunan wa zan faɗa wa liman?