Telan da Ya Gaji da "Haka Ne, Baba"

Akwai wani tela da ake kira Baba Gardama. Mutumin nan ko cewa ka yi rana ta fito, sai ya leƙa waje ya ce ai ba ta gama fitowa ba.

Babbar abokiyar musunsa ita ce matarsa. Daga yawan sukarin shayi zuwa wanda ya bar fanka a kunne, kullum suna ciki. Ta kayar da shi, ya tafi shago yana gunaguni yana murmushi.

Sai Allah Ya yi mata rasuwa. Gida ya yi tsit.

'Yarsa, don tausayi, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. "Don Allah kada wanda ya ja da Baba. Duk abin da ya faɗa ku ce haka ne. Kuma a daina ambaton Mama a gabansa."

Jama'a suka kiyaye. Baba ya ɗaga shuɗin yadi ya ce ja ne, aka ce, "Haka ne, Baba." Da gangan ya ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mai wandon ya ce, "Ya yi cif, Baba," ya fita yana share titi da shi.

Ku kuna dariya, shi kuwa abin cinsa yake yi. Kaɗaici ya yi masa katutu, yana cikin mutane amma ba mai taɓa shi da magana. Abinci ya fita ransa. Ya lulluɓe keken ɗinki ya ce zai rufe shago ya koma ɗaki.

Ranar da zai rufe, ya shiga wurin mai askin da ke jikin shagonsa, abokinsa tun suna samari. Mai askin ma ya yi wa 'yar Baba alkawari, ya daɗe yana haɗiye magana har ta kusa shaƙe shi.

Ana cikin aski Baba ya dubi madubi ya ce, "Ka san duk zamanmu da marigayiya, ba ta taɓa kayar da ni a musu ba?"

Mai aski ya kashe inji. Ya cije leɓe. Ina, abin ya fi ƙarfinsa.

"Ƙarya kake yi, wallahi! Matar da ta sa ka yarda kai ka ƙona rigarka da dutsen guga, alhali ranar ba ka ma gida?"

"Ina gida!"

"Kana nan shagona kana cika mu da surutu!"

"To ai daga baya na koma!"

Masu jiran layi suka yi tsuru-tsuru. Sai ga Baba yana dariya, hawaye na gangarowa kan ƙyallen aski. Suka wuni suna labarinta, wannan ya tuno, wancan ya ƙaryata.

Da 'yar ta kawo abinci ta tarar da hayaniya, ta ce, "Haba Kawu, ba na roƙe ka ba?"

Baba ya ce, "Ƙyale shi, 'yar nan. Tun da uwarki ta tafi, sai yau aka yi magana da ni."

Ta buɗe kwano, ya kai loma ya ce gishiri ya yi yawa.

Ta buɗe baki za ta ce haka ne, sai ta fasa. "Bai yi ba, Baba. Bakinka ne."

Ya dube ta ya ce, "Uwarki sak!" Ya cinye tas, ya je ya yaye zanen da ke kan keke, ya aika a kira mai wando.

Darasi: Wanda ya yi rashi ba lallashi kaɗai yake buƙata ba. Ku zauna da shi yadda kuka saba, ku tsokane shi, ku bar shi ya ambaci wanda ya rasa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wani Baba Gardama kusa da su da ke jiran mai ce masa "ƙarya kake yi."