Hannun Tunau

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne!

Wata mata ce mai suna Ladingo, sana'arta ƙuli-ƙuli. Ta daɗe ba ta haihu ba, sai Allah ya ba ta ɗa namiji, ake ce masa Tunau. Yaro ne mai fara'a, dariyarsa har maƙwabta ake jin ta. Da ya fara wayo, kullum yana gindin uwarsa yana cewa, "Inna, ni ma zan murza!"

Sai ta gutsuri tunkuza ta sa masa a hannun dama. Ya murza, ta suɓuce. Ta ba shi ludayi ya ɗebo gyaɗa, ta zube. Ta ba shi ƙuli ya jera a faifai, ya gangara bayan turmi. In ya miƙo ɗaya hannun, sai ta ce, "A'a, da dama ake aiki."

Ashe a bayan turmin nan Gizo ya tare. Duk abin da ya faɗo, sai ciki. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

Ladingo kuwa hankalinta ya tashi. Ta yi tagumi ta ce, "Wayyo ni! Ko hannun ɗana ya mutu ne?"

Gizo ya fito yana share baki. Kun san shi da tsamin baki. Ya ce, "Shannu da aiki, Yadingo. Ai na shan ciwon nan. Hagun ne yake shanye ƙarfin damar. Naɗe shi da tsumma."

Ta naɗe. Tunau ya ci gaba da ɓari, Gizo ya ci gaba da ci.

"Gizo, bai warke ba."

"Tsumma ya yi kaɗan. Zura hannun a zungurun lalle."

Ta zura masa hannu a zunguru. Ɓari ya ƙaru.

"Gizo, har yanzu dai!"

"To ɗauye shi ta baya da igiya."

Ta ɗaure. Daga ranar Tunau ya daina dariya. Ya daina cewa zai murza, ya koma gindin bango ya zauna shiru. Ladingo ta dube shi, tausayinsa ya kama ta.

Tana cikin haka sai ga Aku ya sauko kan katanga ya ce, "Uwar gida, a sam mini gyaɗa." Ta miƙa masa. Ya ɗaga ƙafa ya karɓa, ya ɓare tsaf.

Ladingo ta zuba masa ido. "Kai Aku, da hagu ka karɓa?"

"Da ita na fi iyawa."

"Damar ciwo take yi?"

Aku ya tuntsire da dariya. "Lafiyarta ƙalau! A kanta ma nake tsaye."

Ladingo ta dubi hannun ɗanta. Sai ta tuna tun Tunau yana goye, da hagu yake jan ɗankwalinta. Da hagu yake nuna mata kaji. Ta tashi da sauri ta kwance igiyar, ta mulmula masa hannun.

Ta zaunar da shi. Ta gangaro masa da goruba ta tsakiya, ya cafe da hagu. Ta ajiye tsinke a gabansa, ya ɗauka da hagu ya zana mata zakara a ƙasa. Ta tura masa tunkuza, ya murza ƙuli zagayayye sumul, ya jera a faifai, ko ɓurɓushi bai faɗi ba.

Ladingo ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Ashe bahago na haifa!" Ta sure shi tana juyi a tsakar gida, shi kuwa yana ta ƙyalƙyala dariya.

Gizo yana bayan turmi da baki buɗe, shiru babu abin da ya faɗo. Yunwa ta ishe shi. Ya lallaɓo ta hagun yaron, don ya saba wannan hannun a ɗaure yake, ya miƙa ƙafa cikin faifai. Caraf! Tunau ya damƙe shi.

"Inna, ga ɓarawon ƙulinmu!"

"Shake ni! Magani na zo dubawa!"

Ladingo ta ɗauko tsintsiya. Gizo ya fizge da ƙyar, ya nufi ramin da ke bayan turmi, amma tumbi ya hana shi shiga. Sai da ya sha tsintsiya a gindi, Aku yana kan katanga yana masa ihu, sannan ya haye bango.

Cin abinci da gaisuwa, Ladingo ta koya wa Tunau da hannun dama, sannu a hankali, cikin wasa. Sauran aiki kuwa ta bar masa hagunsa, ya tashi gwanin murza ƙuli a garin nan kaf.

To kun ji, jikokina. Hagu ba ciwo ba ce, baiwa ce kamar dama. In kun ga ƙaninku yana ɓari, kada ku yi masa tsawa. Ku ajiye abu a gabansa, ku duba hannun da zai miƙo.

Ƙungurus kan ɗan kusu, nan ta tsaya!