Gishirin Gogo Nachisale

Limbikani mai yankan gilashi gwani ne a sana'arsa, amma ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba a duk Zomba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya ce me kake nema, in ka wuce shiru ya ce akwai lauje cikin naɗi. Shekara huɗu muka yi muna haya a gidan Gogo Nachisale, tsohuwa mai suyar mandasi, wato fanke, a ƙofar gida, wadda ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Ko nsima, tuwonmu na masara, ta tuƙa sai ta ajiye masa rabonsa.

Da damina ta sauka, sai ga shi da kwaɗi uku a bokiti, irin masu ƙuraje a baya, ya kamo su a bakin rafi. Ya haɗa musu akwatin gilashi da hannunsa, ya zuba ƙasa mai laima da busassun ganye, ya kifa tsingaro don su riƙa ɓuya, ya sa farantin ruwa, ya rufe da raga. Shinge, ƙwarin damina da mutane ke rububin soyawa, shi yake kai musu.

"Ɗan nan, mutane na kiwon kaji, kai kuma kwaɗi?" in ji Gogo. "Ƙwai za su yi maka ko nono?"

"Gogo, ai ba sa cin komai naki."

"To, su yi zamansu can. Ni tsigar jikina tashi take."

Washegari ta barbaɗa gishiri a bakin ƙofar ɗakinta, kamar yadda tsofaffinmu ke yi in sun ga abin da hankalinsu bai kwanta da shi ba. Limbikani ya gani, ya ajiye a ransa.

Bayan kwana biyar kwaɗo ɗaya ya mutu a cikin faranti.

"Achimwene, ɗan'uwana," ya ce mini, "ruwa ba ya tsami banza. Gishiri na kashe kwaɗo, kuma ka san mai gishiri a gidan nan."

"Kowa ma na da gishiri, har ni. Ka ganta ta zuba?"

"Sai na gani?"

Na ba shi haƙuri, amma kamar ina zuga shi. Da na biyu ya mutu, ya ɗauko gawar a tafin hannu ya nufi ƙofar gida, daidai lokacin da mata suka yi layin sayen mandasi.

"Ga aikinki nan. Wanne ya rage ki kashe?"

"Ni? Ni da ko kusa da su ba na zuwa?"

"Ai irinku ba sai sun je kusa ba. Mfiti kawai."

Mayya ke nan ya kira ta, a gaban jama'a. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin a garinmu ba a jifan tsohuwa da wannan kalma ta kwana lafiya.  Gogo ta ci gaba da juya mandasi, layin kuwa ya watse da ɗai-ɗai.

Kafin mako ya zagayo magana ta yi ƙafa. Aka tuno jaririn maƙwabta da ya rasu bara, aka tuno akuyar wani da ta yi ɓari. Mai shago ya daina karɓar kaya daga hannunta, sai dai ta ajiye a ƙasa. A coci aka bar mata benci ita kaɗai. Shi kuwa ya mayar da akwatin cikin ɗaki, ya kulle ƙofa, ya sa makulli a aljihu. Duk da haka na ukun ya fara kumbura, sai ya ce ai ga shaida nan, maita ba ta san ƙofa ba.

Lokacin kwalara ne, ma'aikaciyar lafiya mai suna Tadala tana bin gida-gida tana duba bokitan ruwan sha. Ta tarar da shi yana ɗiba daga bokitinsa yana zuba wa kwaɗon. Ta sunsuna ruwan ta yamutsa fuska.

"Murfi nawa na maganin ruwa kake sawa a nan?"

"Biyu. Tun da aka fara yi mini ta'asa na ƙara, don ya kashe duk abin da aka zuba."

"Bambo, bawan Allah, kwaɗo fa ba da baki yake shan ruwa ba, da fatar cikinsa yake tsotsa. Wannan maganin na mutane ne, shi ƙona shi yake. Da ruwan sama ka tara masa da yana nan garau. Kai ka kashe su, ba kowa ba."

Limbikani ya zauna daɓas a bakin gado. Da yamma ya je ya durƙusa gaban Gogo yana hawaye, ya ce zai bi gida-gida ya wanke ta. Ya kuwa bi, amma wasu cewa suka yi ta kama kurwarsa ce shi ya sa ya juya baki.

Ranar da ɗanta ya zo da mota ya kwashe ta zuwa ƙauye, tun kafin wani ya ɗauki dutse, ta kalli Limbikani ta ce, "Na yafe maka, ɗan nan. Amma shekara talatin na yi a gidan nan ana kirana Gogo, kakar kowa, yau da wani suna zan fita." Aka sayar da gidan, duk muka watse. Ba ta kai wata daminar ba, kuma har gobe ina jin zafinsa a raina.

Darasin da ke nan shi ne, zato zunubi ne, kuma mai yawan zargi yakan duba hannun kowa ya manta da nasa. In abu ya lalace maka, fara tambayar waɗanda suka sani kafin ka nuna wani da yatsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, ko da wanda ya faɗe ta ne ya bi ta da gudu.