Takalmin da Ya Kashe Kogi

An yi wani mutum a ƙauyenmu na bakin kogi, a arewacin Norway. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Ciwonsa ɗaya: bai san "ya isa" ba.

Dokar koginmu kowa ya san ta. Kifin salmon ɗaya a rana, in ka kama ka naɗe fatsarka. Babbar mace mai ƙwai a mayar da ita ruwa. Sannan duk wanda ya taka wani kogi ba zai shiga namu ba sai an tsoma takalmansa da fatsarsa a ruwan magani, saboda wani ƙwaro da ido ba ya gani, mai cinye fatar 'ya'yan kifi. Ƙwaron nan laima kaɗan ta ishe shi tafiya.

Wata safiya mutumin ya kama nasa tun kofinsa bai huce ba. Ya gode wa Allah ya koma gida? Ina! Washegari ya haye dutse da mota zuwa wani kogin da aka rufe saboda wannan ƙwaron, inda babu mai ƙirga masa kifi. Ya yini cikin ruwa har cinya. Da gari ya waye ya dawo namu, dogayen takalman robarsa da sauran danshi.

Mai gadin kogi ƙanin matarsa ne, Torleif. Ya tare shi yana dariya.

"Mijin yaya, ina ka ɓuya jiya? Kifaye har sun yi walima."

"Ciwon baya ya kwantar da ni."

"Tsufa dai! Kawo takalman in tsoma maka."

"A bushe suke, yaro. Bakinka ya fi su buƙatar wanki."

Suka yi dariya, ya wuce, ya tsoma ƙafa cikin ruwa.

Ya 'yan uwa, daga wannan taku bai ƙara sanin kwanciyar hankali ba. In waya ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Matarsa Gunvor ta ajiye masa ƙyafaffen kifi, ya ture. Ƙanƙara ta rufe kogi, shi kuwa yana tsaye a taga yana tunanin abin da ke yaɗuwa a ƙarƙashinta. Ya san in ya yi magana da wuri ana iya yin wani abu. Tsoron kunya ya fi masa tsoron Allah, ya yi gum.

Bazara ta biyu ya durƙusa a gaɓa, ya ga 'ya'yan kifi sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, suna juyawa a gefe.

Hukuma ta zo ta gwada, ta yanke hukunci: ƙwaron ba ya mutuwa sai an kashe abin da yake ci. Aka zuba guba daga kan dutse har bakin teku. Kun taɓa ganin kogi ya yi fari da cikin matattun kifaye? Tsofaffi suka tsaya a kan gada suna kuka. Aka kira kowa ya fito kwasa.

Mutumin yana cikin kwasa, sai Torleif ya ɗago wata ƙatuwar macen kifi, ƙwai na zuba daga cikinta. Ya dubi takalman mutumin. Ya ce a hankali, "Na tambayi yaya. Ta ce bayanka bai taɓa ciwo ba."

Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya zage shi. Mutanenmu da shiru suke hukunci. In ya shiga shago hira ta mutu. Gunvor ta tattara kayanta ta koma gidan ƙaninta. Shi kuwa mutumin ya sayar da gida ya tafi birni, an ce ko famfo aka buɗe kusa da shi sai ya toshe kunne.

Me ya samu? Kifi biyu ko uku da ya ci a ɓoye. Me ya ɓatar? Abincin gari, da amanar dangi, da gadon jikokinsa. Kada wani ya ce mini zunubinsa ƙarami ne. Na mutumin nan ma laima ce a tafin takalmi.

Allah ya ba mu wadatar zuci. Abin da muka taka a ɓoye, kada Allah ya bari mu kai wa bayinsa. Allah ya kiyaye mu.