Alƙali Zubairu da Zancen Marina

An yi wani sarki a ƙasar Gulbin Kanya, Almu sunansa, mutum mai son adalci da tsoron haƙƙi, sai dai yana da rauni guda: duk abin da ya ji jama'a sun haɗu a kai, a wurinsa ya zama nassi. A zamaninsa kuwa labari ba ya shiga gari sai ta bakin Sankira Jatau, shugaban masu shela, wanda yake da mutum da ganga a kowace kasuwa ta ƙasar. Abin da aka yi shelarsa da hantsi, kafin la'asar maroƙa sun sa masa amshi, washegari ka ji mata suna daka da shi.

Wata shekara, bayan ɗaukewar damina, annobar amai da gudawa ta sauka a birni, ta yi ta ɗaukar yara da tsofaffi. Ba a jima ba magana ta game gari cewa marina ne suke sakin ruwan baba a gulbi, jama'a suna sha suna mutuwa. Aka daina sayar musu da hatsi, aka daina amsa sallamarsu, ga shi marini ba ya ɓuya, hannunsa ke tona shi. Aka kama shugabansu, wani dattijo mai suna Tanimu, aka tsare. Mutane suka yi cincirindo a ƙofar fada, suna neman a cike rijiyoyin karofi, a kori marina da iyalinsu daga ƙasar.

Sarki ya aika aka kira Alƙali Zubairu. Shi wannan malami gajere ne, mai sanyin magana, kuma masu gaggawa ba sa ƙaunar zaurensa, domin ko ce masa ka yi an yi ruwa, sai ya taɓa ƙasa ya ji. Sarki ya ce masa, "Malam, kai ka karantar da mu cewa labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito, waɗanda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, ya kai matsayin yaƙini. To, ga birni duka ya shaida. Ko ka yanke wa marina hukunci, ko ka nuna mini yadda birni guda zai yi kuskure. In ka kasa duka biyun, sai ka ajiye alƙalanci."

Alƙali ya roƙi jinkiri zuwa Juma'a, aka ba shi. Ya fita zuciyarsa ba daɗi, domin shi ma ya binne jika a wannan annoba, kuma da ya fara jin zancen marina ransa ya so ya gaskata, don mai baƙin ciki yakan so a nuna masa wanda zai ɗora wa laifi. Amma ya san son rai ba hujja ba ne. Sai ya ɗauki hanyar malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta baki bayan baki.

Ya zauna a zaure, ya sa aka riƙa kawo masa waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, yana yi wa kowa tambaya ɗaya: da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi? Wani mahauci da ya rantse har da dukan ƙirji ya ce wanzaminsa ne ya faɗa masa. Wanzami ya ce a bakin matarsa ya ji. Matar ta ce ai waƙa ce, kowa na yi. Maroƙin da ya shirya waƙar ya ce shi me ya sani game da gulbi, shela ya ji a kasuwa, ya ga tana da daɗin amshi. Duk inda malam ya ja zaren, sai ya ƙare a gindin ganga, bai sami mutum ɗaya da ya ga komai ba. Ya kuma taka da ƙafarsa zuwa gulbi, ya tarar da abin da kowa ya sani tun yana yaro amma waƙa ta mantar da shi: karofi yana can ƙasa da gari, mashaya tana sama, ruwa kuwa ba ya hawa tudu.

Daga nan ya keɓe da Sankira. Jatau bai ko ji kunya ba, don a ganinsa hidima ya yi. Ya ce farkon ciwon talakawa sun soma gunaguni cewa bana ba a yashe rijiyoyin birni ba, an kwashe majiya ƙarfi zuwa gyaran ganuwa. Ana cikin haka, wata rana a fada Sarki, cikin damuwa, ya ce ko ruwan marina ne. Bisa al'ada sarki ba ya ɗaga murya, Sankira ke ɗaukar maganarsa ya kai wa jama'a, kuma a karatun Jatau bai kamata talaka ya ji sarkinsa yana shakka ba. Saboda haka ya fitar da ita a matsayin abin da fada ta tabbatar, ya bi ta da ganguna, gunagunin rijiyoyi kuwa ya mutu murus.

Nan fa Alƙali ya ji tsoro ƙwarai, domin isnadi ya ƙare a kan wanda ya aike shi. Ya auna alƙalancinsa, ya auna gidajen marina da ƙananan yaransu, ya ga ba su yi kusa da nauyi ɗaya ba. Ranar Juma'a ya faɗi ya yi gaisuwa a gaban majalisa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Sharaɗin labarin jama'a shi ne kowannensu ya gani ko ya ji daga asali dabam. Na bi shaidun birnin nan, na tarar shaida ɗaya ne ya ari bakuna masu yawa, shi ma kuma bai gani ba, tambaya kawai ya yi."

Sarki ya ce a faɗi sunan wannan shaida, ko wane ne. Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne. Zatonka ya fita ta bakin Sankira, ya zaga kasuwanni, ya dawo ƙofar fada yana neman hukunci, ka ɗauka muryar talakawa ce. Ban san sanadin annoba ba, wannan sai a tambayi masu magani da masu yasar rijiya. Abin da na sani, babu hujja a kan Tanimu."

Fuskar Sarki ta sauya, har fadawa suka soma matsawa nesa da malam. Sai Sarki ya yi istigfari a fili, abin da ba a saba ji daga kan karaga ba. Ya umarci a saki Tanimu, a soma yasar rijiyoyi, Sankira kuma ya koma kowace kasuwa da gangunan da ya ɓata marina da su, ya wanke sunansu, ya fara da faɗin cewa kuskuren daga Sarki ya taso. Da Alƙali ya nuna masa cewa ƙarya mai amshi ba ta fita daga kunne da shela ɗaya, sai Sarki ya tashi ya tafi gidan Tanimu a ƙasa, ya roƙi gafararsa, ya nemi ruwa. Dattijon ya miƙo masa moɗa da shuɗin hannunsa, Sarki ya shanye, mutanen birni suna kallo.

Ya yafa wa Alƙali Zubairu alkyabbarsa, ya kuma kafa doka cewa daga ranar babu shelar da za ta ambaci laifin wani sai ta bi ta zauren malam, an ji daga bakin wanda ake zargi. Shi ya sa masu hikima suke cewa yawan masu faɗa ba shi ne yawan shaidu ba, kuma sarki adali, kafin ya yi hukunci da muryar jama'a, yakan bincika ko tasa ce ta dawo masa.